Ku Tambayi Mama: "Na taɓa kuɗin adashi, yanzu ko wa'azin wadar zuci ba na son ji"

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Saƙonnin da suka shigo wannan watan kusan rabinsu maganar kuɗi ce, to na zaɓo guda uku, ta farkon ita ce za ta ci mana wuri don ta taɓa ni sosai. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA ƊAYA

Mama ina wuni, ya hidima. Dan Allah kar ki sa sunana. Ni malama ce a wata firamaren kuɗi a Kafanchan, yarana uku, maigidana ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Ni ce uwar adashi a cikin matan zumuntarmu, mu 12 ne kowa na zuba dubu 20 a wata. Wata ƙawata ce ta sa ni a wani guruf na WhatsApp na masu zuba jari ta waya, wai kuɗinka zai ninka cikin kwana 30, na fara gwadawa da dubu 30 nawa na kaina sai ga shi an turo mun 60, na ga alat da idona Mama. Shine na kwashe zubin wata guda dubu 240 na haɗa da 60 ɗin na tura duka, na ce ma wadda za ta kwasa ta ɗan ƙara haƙuri wasu ba su gama zubi ba, alhali kowa ya zuba. Niyyata in ya fito in ba ta nata in biya kuɗin makarantar yara da ribar. Kafin in tura ma sai da na shuka iri na dubu 10 a wani taron farkaswa, baƙon mai wa'azi ya ce duk wanda ya shuka zai girbe riɓi ɗari kafin wata ya mutu. Yau sati uku kenan manhajar ba ta buɗuwa, guruf ɗin ma an goge shi. Maigidana bai sani ba, ba na barci, in waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi kan wadar zuci ji na yi kamar in tashi in fita, na ce a raina wadar zucin ce za ta biya kuɗin makaranta? Mama ina ba da zakkata ba na fashi, me ya sa Allah bai tsare ni ba? Kuma ita wadar zucin nan ba magana ba ce kawai da ake faɗa ma talaka don ya yi shiru?

AMSA

'Yata sannu. Na karanta saƙonki sau uku kafin in ɗauki biro, kuma abin da na fara yi addu'a ce domin barcinki, don mace mai yara uku da aji cike da ɗalibai ba za ta yi sati uku ba barci ta zauna lafiya ba.

Bari in fara da abin da ya same ki, don ki daina tunanin ko wani asiri aka yi miki ko Allah ne ya juya miki baya. Dubu 60 ɗin nan da kika ga alat ɗinsu ba riba ba ce, babu wata sana'a da aka juya kuɗinki a ciki. Kuɗin wata baiwar Allah ne da ta shiga bayanki aka ɗebo aka ba ki, tsaba ce aka watsa don kaza ta matso. Haka tsarin yake tafiya, a biya na farko da kuɗin na baya, ranar da masu shiga suka ragu ko masu abin suka ga tukunya ta cika sai a rufe a gudu. Mun gani a MMM da ta daskarar da asusun mutane a watan Disambar 2016 ana dab da Kirsimeti, mun sake gani a CBEX a watan Afrilun 2025, ita ma alkawarinta kenan, ninki cikin kwana 30, kuma cikin waɗanda suka yi kuka akwai masu digiri akwai 'yan kasuwa akwai ma'aikatan coci. Saboda haka ba ke kaɗai ba ce, kuma ba don ba ki da wayo ba ne, matsi ne ya haɗu da kwaɗayi, su biyun nan in suka haɗu mai hankali ma sai ya rufe ido. Ki tattara shaidar taransifa da lambar asusun da kika tura ma kuɗin ki kai ƙorafi bankinki da EFCC, amma kar ki ɗora ranki a kan za su dawo, kuma duk wanda ya kira ki ya ce ki biya wani abu a fito miki da kuɗinki, ɓarawo na biyu ne.

Yanzu tambayarki, me ya sa Allah bai tsare ki ba. Zan faɗa miki gaskiya don ke ma gaskiya kika faɗa mun. Ranar da kika buɗe baki kika ce ma 'yar'uwarki wasu ba su gama zubi ba, ba ki ji wani abu ya tsaya miki a ƙirji ba? Na tabbata kin ji. To tsarewar kenan 'yata, Ruhu Mai Tsarki ya yi magana, ke ce kika danna ta ƙasa saboda alat ɗin dubu 60 ya fi ƙara a kunnenki. Ba don in ƙara miki ciwo na faɗi haka ba, sai don muddin kina ganin Allah ne ya yi miki laifi ba za ki iya zuwa wurinsa neman taimako ba, kuma yanzu ne kike bukatarsa fiye da kullum.

Maganar irin da kika shuka kuma, raina ya ɓaci, amma ba da ke ba. Ki duba da kyau, alkawarin mai manhaja da alkawarin wancan mai wa'azin ai kusan iri ɗaya ne, kawo kaɗan ka karɓi da yawa kafin wata ya ƙare, bambancin kawai ɗaya ya ce riɓi biyu ɗaya ya ce riɓi ɗari ya kuma haɗa da sunan Allah. Manzo Bulus ya san irin waɗannan mutanen, a 1 Timoti 6 aya ta 5 ya yi maganar masu ɗaukar ibada hanyar samun riba ce, kuma nan da nan a aya ta 6 ya ce ibada tare da wadar zuci ita ce babbar riba. Zakka da baiko godiya ce muke kai ma wanda ya riga ya ba mu, ba zubin adashi ba ne da za mu tsaya muna lissafin ranar kwasa. Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura 8 ya fito da kuɗi zai sayi baiwar Allah, kin san amsar da Bitrus ya ba shi ba mai daɗi ba ce. Ki ci gaba da ba da zakkarki in zuciyarki ta yarda, amma ki cire lissafin nan daga ciki.

Sai babbar maganar, wai wadar zuci abin rufe bakin talaka ce. Na fahimci inda haushinki ya fito. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi, mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a 2024 dubu 70 ne, kuma na san malamai da yawa a makarantun kuɗi ko shi ba su kai ba. In mai ƙoshi ya tsaya a bagadi ya ce ma mai yunwa ki yi wadar zuci sannan ya shiga motarsa ya tafi, dole abin ya yi ɗaci, Yakubu ma ya tsawata a kan haka a sura 2, ya ce ina amfanin ka ce ma wanda ba shi da tufa da abinci ya sauka lafiya ba ka ba shi komai ba. Wadar zuci ba ta ce kar ki nemi ƙarin albashi ba, ba ta ce in an danne haƙƙinki ki yi shiru ba.

Amma ki duba waye ya rubuta maganar. Filibiyawa 4 daga aya 11 zuwa 13, Bulus yana ɗaure ne lokacin da ya rubuta ta, sai da ikilisiyar Filibi ta yi karo-karo ta aika masa da taimako. Kuma kalmar da ya yi amfani da ita ita ce nake so ki riƙe, cewa ya yi ya koya. Ya koyi zama da ƙoshi ya koyi zama da yunwa, ya koyi samu ya koyi rashi. Ke malama ce kin san abin da ake koya ba a haihuwar mutum da shi, ana faɗuwa a sake. Ayar nan ta 13 da muke mannawa a bayan Keke Napep da gilashin mota, cewa zan iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, mutane na ɗauka ta cin jarrabawa ce da samun kwangila, alhali "komai" ɗin da yake nufi har da kwana da yunwa ba tare da ya saki Almasihu ba ko ya taɓa abin da ba nasa ba.

Ni kaina a watan Fabrairun 2023 lokacin canjin kuɗi na ƙara koyon wannan darasin da tsufana. Kuɗin fanshona na cikin asusu, ina ganin lambar a waya, amma na yi kwana biyu ina bin layin ATM tun asuba ba na samun ko naira, taransifa kuma ba ta tafiya. Rana ta uku na dawo ƙafafuna sun kumbura, jikoki biyu na gida, ba ko magi. Wata mai tumatir a bakin layinmu, musulma ce, tiren gabanta duka bai fi na dubu biyar ba, ta kalle ni ta ce Mama lafiya, na faɗa mata. Ta ɗebo tumatir da attaruhu da albasa biyu ta ƙulla a leda, ta kwance bakin zaninta ta ciro ɗari biyar tsohuwa duk ta yamutse ta ɗora a kai ta ce in kuɗi sun fito kya kawo. A hanyar gida nake ta tunani, ashe shekara da shekaru kwanciyar hankalina a kan wannan lambar ta cikin waya take zaune, ina cewa ga Allah na dogara amma in lambar ta yi sama in yi barci in ta yi ƙasa in kwana juyi. Ranar da lambar ta kasa saya mun albasa, ta hannun wadda ba ta da ko asusu Allah ya ciyar da gidana. Ibraniyawa 13 aya 5 ta ce mu rabu da son kuɗi mu dangana da abin da muke da shi, kuma dalilin da ta bayar ba wai abin da muke da shi ya isa ba ne, dalilin shi ne Allah da kansa ya ce ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba.

To kin tambaya ko wadar zuci za ta biya kuɗin makaranta. Ba za ta biya ba. Amma da ita ce ta riƙe ki ranar nan, da yau bashin kuɗin makaranta kawai ke kanki, ba bashin dubu 240 da ƙarya da rashin barci a kai ba.

Ga abin da nake so ki yi, kuma cikin satin nan. Ki karanta 2 Sarakuna 4 daga aya 1 zuwa 7, matar nan da mijinta ya mutu ya bar bashi har mai bin bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Abu na farko da ta yi ta buɗe baki ta faɗa ma Elisha. Shi kuma ya tambaye ta me kike da shi a gida, ta ce ba komai sai ɗan mai a tulu, ya ce ta je ta aro tandaye wurin maƙwabta, kin ga ke nan sai da unguwa ta san halin da take ciki. Da man ya ƙaru kuma cewa ya yi ta sayar ta biya bashin tukuna, sannan ita da yara su ci saura. Ki faɗa ma maigidanki yau da dare bayan yara sun kwanta, ki faɗa duka har da ƙaryar, kar ki rage. Zai yi fushi, yana da haƙƙin yi, amma gara ya ji daga bakinki da ya ji a bakin coci. Sannan ku je tare wurin wadda kwasarta ce, ita za ki fara roƙo kafin sauran, ki tafi da wani abu a hannu ko dubu 20 ne, da takarda da kika rubuta nawa za ki riƙa biya duk wata. In kina da abin sayarwa, atamfa ko akuya ko ɗan kunne, ki sayar. Naki zubin in ya zo kwasarki ki bar mata. Ki sauka daga uwar adashi da kanki kafin a ce ki sauka. Kuma ina roƙonki da girman Allah kar ki ci bashin manhajojin nan na waya don ki toshe ramin, ruwansu ya fi ƙarfinki kuma in kin makara sai su bi lambobin da ke wayarki suna tura saƙon tozarci. Kunyar rana ɗaya a gaban matan zumunta za ta wuce, wasu za su yi magana, amma na yi shekaru a cikin zumunta, na san za ki sha mamakin wadda za ta fara tashi ta rungume ki. Ki sake rubuto mun bayan kin yi magana da maigidan.

TAMBAYA TA BIYU

Mama barka da aiki. Na gama bautar ƙasa shekara biyu ba aiki, yanzu ina POS a Gombe. Ina so in karɓi rance in buɗe shago na biyu in sa ƙanena, amma babana dattijon coci ne kullum sai ya ce in gode da abin da nake da shi, son kuɗi tushen mugunta ne. Mama zunubi ne mai bi ya so ya yi arziki?

AMSA

Ɗana, buɗe shago na biyu don ƙanenka ya samu abin yi ba zunubi ba ne, abin yabo ne ma. Bulus ɗin da ya yi maganar wadar zuci da hannunsa yake ɗinkin tanti yana ci, shi ne kuma ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Lidiya mai sayar da jan tufafi masu tsada ce, a gidanta masu bi suka taru a Filibi. A 1 Timoti 6 ɗin da Baba yake ja maka, in ka gangara aya 17 da 18 za ka ga ba a ce masu arziki su zubar da shi ba, an ce kar su yi girman kai, kar su sa zuciya ga dukiya marar tabbas, su zama masu bayarwa hannu sake.

Amma kar ka yi saurin cewa Baba bai waye ba. Wataƙila ba shagon yake tsoro ba, wani abu ya gani a tare da kai. Ka tambayi kanka, tun da ka fara sana'ar nan sau nawa ka bar sujada don kar kwastoma ya wuce, in mutum ya manta canjinsa ko taransifa ta shigo sau biyu kana kiransa, in abokinka ya sa hoton sabuwar mota a Facebook me kake ji a cikinka. Amsar na wurinka. Shi rance kuma ka zauna da biro ka lissafa, in ribar shagon farko kaɗai ba za ta iya biyansa ba ko da na biyun bai kawo komai ba wata uku, to ka jira ka tara, Karin Magana 22 aya 7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne. Ka kai ma Baba lissafin a rubuce ka ce ya sa maka albarka, dattijai sun fi yarda da abin da aka nemi shawararsu a kai.

TAMBAYA TA UKU

Mama ni manomi ne daga wajen Malumfashi. Bana Allah ya ba ni masara da dawa fiye da bara, na ɓoye buhu 15 sai bazara. Wani ɗan'uwa ya ce mun rashin bangaskiya ne, wai Yesu ya ce mu dubi tsuntsaye ba sa tarawa a rumbu. Haka ne?

AMSA

Malam, mun gode Allah da amfanin gona. Ajiya ba rashin bangaskiya ba ce, Yusufu shekara bakwai yana tara hatsi a Masar kuma da shi Allah ya ceci gidan Yakubu, Karin Magana 6 ma wurin tururuwa ta aike mu koyon tanadi. Abin da Yesu ya hana a Matiyu 6 damuwa ce, wato cin rai a kan gobe. Mutumin da ya kira wawa a Luka 12 ba don ya gina rumbu ba ne, ka karanta maganarsa za ka ji daga amfanina sai rumbunana sai raina, babu Allah babu maƙwabci a ciki, ya ce ma ransa ya huta don hatsi ya tsaya masa. To ka ajiye na gidanka da na iri da na sayarwa don taki. Sai dai ina ba ka shawara tun yanzu da buhunan ke cike ka ware ɗaya ko biyu ka sa musu alama da gawayi, don watan Yuli da Agusta in abinci ya ƙare a gidaje kafin sabon hatsi ya nuna, gwauruwar da ke kusa da kai za ta zo da kwano, kuma a lokacin farashi ya hau zai yi maka wuya ka buɗe buhu in ba ka riga ka cire shi daga lissafi ba. Ka sa maganin ƙwari da kyau ko ka samu buhun nan mai leda biyu a ciki, ka ɗora su a kan katako kar su taɓa ƙasa.

Masu tambaya kan auren da iyaye suka ƙi amincewa, na ga saƙonninku guda huɗu, sai fitowa ta gaba in Ubangiji ya kai mu.